Mahaɗar Tetteh Quarshie: me ya sa gadar da aka gina don raba cunkoso ta koma matattararsa?

Wanda ya sauka a filin jirgin saman Akra, babban birnin Gana, ya nufi Legon ko Madina ta arewa, ko Tema ta gabas, ko Lapaz ta yamma, da wuya ya kauce wa mahaɗar Tetteh Quarshie. Daga ƙofar filin jirgin zuwa can tafiyar 'yan mintoci ce idan hanya a sake take. Amma da sanyin safiya, lokacin da ma'aikata da 'yan kasuwa suke kwararowa cikin gari, ko bayan la'asar in an tashi aiki, wannan ɗan taƙin yakan cinye wa mutum lokacin da bai yi tanadinsa ba. Motoci su jeru har iya ganin ido, 'yan talla su shiga tsakaninsu da ruwan leda da soyayyar ayaba, mai sauri ya kama jirgi ya yi ta duba agogo. An gina wannan gada ne don a raba mutanen Akra da irin wannan wahala, kuma ta yi aikinta na ɗan lokaci. Dalilin da ya sa sauƙin bai ɗore ba shi ne abin dubawa, domin a 2024 an ƙaddamar da aikin sake fasalinta da maƙudan kuɗi.

Manyan hanyoyi biyu ne suka gitta juna a wurin. Ta farko ta taso daga kudu, daga wajen asibitin sojoji da ake kira 37, ta wuce ta gefen filin jirgi da sunan Liberation Road, sannan ta miƙe arewa a matsayin N4, ta bi ta gaban Jami'ar Gana da ke Legon, ta ratsa Madina da Adenta, ta hau duwatsun Aburi. Ta biyu ita ce babbar hanyar da ta taso daga Tema, wadda daga nan take zarcewa yamma a matsayin N1 har Mallam, daga can kuma Kasoa, Cape Coast, Takoradi, har iyakar Kodebuwa. Ban da waɗannan rassa huɗu, akwai kuma na biyar, hanyar Spintex, wadda aka rataya a gefen kudu maso gabas, kuma ita kaɗai tana ɗauke da motocin unguwanni da masana'antu masu yawan gaske.

Tushen wurin yana komawa ga zamanin Kwame Nkrumah. A 1962 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema, a 1965 kuma aka buɗe hanyar da ta haɗa ta da Akra, mai tsawon kimanin kilomita 19, wadda aka zuba da kankare maimakon kwalta. Manufar a fili take: kaya su fito daga jirgin ruwa su isa babban birni ba tare da tsayawa ba. Shi ya sa aka tsara ta ba mashiga ba mafita sai a bakinta biyu, kuma a wancan lokacin mafi yawan abin da ke gefenta fili ne da daji. A bakinta na Akra aka yi wani ƙaton shataletale, aka ba shi sunan Tetteh Quarshie, maƙerin nan ɗan ƙabilar Ga da ake tunawa da shi saboda irin koko da ya kawo daga tsibirin Fernando Po, wanda yanzu ake kira Bioko, ya shuka a Mampong a wajajen 1879. Hanyar arewa da ta tashi daga nan ita ce ke kai mutum yankin da gonar tasa take.

Birnin kuwa bai tsaya inda masu zanen suka bar shi ba. A 1959 Alhaji Seidu Kardo ya taso da jama'arsa daga Shiashie, wadda ke maƙwabtaka da wannan mahaɗa, suka kafa Madina. Yau Madina gari ce mai cike da jama'a, da babbar kasuwa, da zango inda Hausa ce harshen ciniki da gaisuwa. Bayanta Adenta ta cika, ta tumbatsa zuwa Oyarifa da Dodowa. East Legon ta zama unguwar masu hannu da shuni, Spintex ta cika da gidaje da ɗakunan ajiyar kaya, Ashaiman ta bunƙasa a gefen Tema. Ƙidayar shekarar 2000 ta sami mutum kimanin miliyan 2.9 a yankin Akra da kewaye, ta 2010 ta sami miliyan 4, ta 2021 kuma ta sami fiye da miliyan 5.4. Yawancin wannan ƙari a bakin gari ya sauka, inda fili da haya suke da sauƙi, alhali ma'aikatun gwamnati da bankuna da manyan kasuwanni suna nan a tsakiya. Kowace safiya sai jama'a su nufi waje ɗaya, kowace yamma su juyo tare.

Shataletale yana aiki ne muddin akwai sarari tsakanin mota da mota, da za a samu a kutsa. Da motoci suka yi yawa, sai na Tetteh Quarshie ya zama wurin da ƙarfin hali ne kawai ke fitar da direba. Gwamnatin John Kufuor ta rushe shi ta gina gadar sama da rancen Bankin Raya Afirka, aka buɗe ta a watan Fabrairun 2005.

Tsarin da aka zaɓa tsoho ne a duniyar injiniyoyi. Wani Ba'amurke mai suna Arthur Hale ya yi masa rajista tun 1916, aka fara gina irinsa a Woodbridge ta jihar New Jersey a ƙarshen shekarun 1920. Hanya ɗaya takan hau gada, ɗaya ta bi ta ƙasa. Mai son juyawa dama sai ya zame ta wata 'yar hanya tun kafin ya iso gadar. Mai son juyawa hagu kuwa, a ƙasar da ake tuƙi ta hannun dama kamar Gana, sai ya wuce gadar tukuna, sannan ya karkata dama ya zagaya wani lanƙwasasshen kunne har ya fito a kan hanyar da yake nema. Kyawun wannan tsari shi ne gada ɗaya ta wadatar, ba a buƙatar danja, kuma a ƙa'ida babu motar da za ta tsaya. Yana da araha idan aka kwatanta da gadoji masu hawa uku ko huɗu, sai dai yana cin fili.

Aibinsa kuma a jikinsa yake, ba sai an yi kuskuren gini ba. Motar da ta gama zagaya kunne tana shigowa babbar hanya ne a daidai inda wata motar take neman barin hanyar ta shiga kunne na gaba. Tsakanin mashigar da mafitar ɗan gajeren wuri ne, kuma dole su gitta juna a cikinsa: wannan yana neman ƙara wuta ya shiga layi, wancan yana taka birki ya fita daga layi. Kamar a ce ƙofar masallaci ɗaya ce ranar Juma'a, masu fita suna kutsawa, masu shiga suna dannowa. Idan motoci kaɗan ne ba a ma lura. Da zarar sun kai wani adadi, birkin mutum ɗaya sai ya bi layi yana komawa baya har ya tsayar da wanda ke nesa, wanda ma ba juyawa zai yi ba. Tirela mai ɗauke da kwantena ta fi kowa shan wuya a nan, domin ba ta iya zagaya kunne sai a hankali, in ta fito kuma takan ɗauki lokaci kafin ta kama gudu. Saboda haka ne ƙasashe da dama suka riƙa rushe irin waɗannan mahaɗu a wuraren da zirga-zirga ta yi yawa, ko su ƙara musu wasu layuka na gefe da za a yi gittayyar a cikinsu.

Bayan 2005 duk abin da aka ƙara a kewayen wurin nauyi ya ƙara masa. A 2008 aka buɗe Accra Mall a jikin mahaɗar, daidai inda Spintex take shigowa, wato an dasa wurin da dubban mutane za su riƙa nufa a kan wurin da aka gina don a wuce. A watan Fabrairun 2012 aka buɗe faɗaɗɗiyar N1 daga nan zuwa Mallam, kilomita 14, da kuɗin tallafin gwamnatin Amurka, aka sa mata sunan George Walker Bush. An faɗaɗa N4 zuwa Madina da Adenta. A 2018 filin jirgi ya sami sabon ginin fasinjoji na uku, otal-otal da ofisoshi suka yi ta tashi a gefensa. A 2020 aka buɗe sabuwar mahaɗa a bakin hanyar na Tema da tallafin Japan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana da amfani a karan kansa, ban kuma ga laifin wanda ya yi murna da su ba. Amma abin da suka haɗu suka yi shi ne, sun sa motoci suna isowa Tetteh Quarshie da sauri kuma da yawa fiye da da, ita kuwa mahaɗar tana nan yadda take.

Ga kuma wata matsala da ta fi ta siffar gada girma. Zirga-zirga iri uku ce take rububin wannan wuri, kuma buƙatunsu ba ɗaya ba ne. Akwai manyan motocin kaya da suka taso daga tashar Tema, wasu za su Kumasi da Tamale, wasu za su tsallaka Paga su shiga Burkina Faso, daga can su wuce Mali ko Nijar. Direban da ya ɗauko kayan ɗan kasuwar Yamai ba shi da abin yi a Akra, hanya ce kawai ta tilasta masa ratsa ta. Haka ma motocin da ke bin gaɓar teku tsakanin Legas da Abijan, hanyar da ta haura kilomita 1,000 ta kuma ratsa ƙasashe biyar. Sai masu zuwa aiki daga bakin gari. Sai kuma na kusa, wanda zai tsallaka daga East Legon zuwa Spintex, ko zai shiga kanti ya fito. Na farko yana son gudu ba tsayawa, na biyu yana son ya isa kan lokaci, na uku yana son mafita a kowane lungu. Hanyar Tema da aka tsara ba mashiga ta wayi gari da ɓarayin hanyoyi da mazauna gefenta suka fasa wa kansu, domin gari ya zagaye ta, ba a kuma yi musu wata ba.

Da yawa za su ce ai maganin a bayyane yake, a ƙara faɗi. Masana sufuri sun daɗe da lura cewa abin bai tsaya nan ba. Tun 1962 Anthony Downs ya bayyana cewa a manyan birane cunkoson lokacin zuwa aiki yakan ƙaru har ya cike duk faɗin da aka samar. A 2011 Gilles Duranton da Matthew Turner suka bi alƙaluman biranen Amurka, suka ga cewa yawan tafiyar da motoci ke yi yana ƙaruwa kusan daidai da yawan hanyar da aka ƙara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In hanya ta yi sauƙi, wanda yake fita da asuba don gudun cunkoso sai ya ƙara barci, wanda yake shiga motar haya sai ya yi ƙoƙarin sayen tasa, mai neman fili sai ya saya can gaba da Adenta tunda yanzu ana isa da wuri. A birnin Houston an faɗaɗa babbar hanyar Katy a 2008 har ta zama cikin mafi faɗi a duniya, bayan 'yan shekaru lokacin tafiya a kanta ya sake hawa. Wannan bai nuna cewa gina hanya ɓarna ce ba. Birnin da jama'arsa suka kusa ninkawa cikin shekara ashirin dole ya gina hanya. Abin da ya nuna shi ne faɗi kaɗai lokaci yake saya, kuma lokacin gajere ne.

Abin da ya fi damuna a Tetteh Quarshie shi ne mutanen da zanen bai lissafa da su ba. Mafi yawan mazauna Akra ba su da mota. Trotro suke shiga, wato ƙananan bas-bas na haya, direba a gaba, yaron mota a bakin ƙofa yana kiran sunan unguwa. Duk inda manyan hanyoyi suka haɗu, nan ne fasinja yake sauka daga wannan mota ya nemi wata. Matar da ta taso daga Madina za ta Tema, ko ɗalibin da ya taso daga Lapaz zai Legon, a nan za su canja. Ke nan wurin tasha ne ko an so ko ba a so ba. Amma an zana shi ne a kan cewa babu wanda zai tsaya, babu kuma wanda zai taka da ƙafa. Sai trotro ya tsaya a bakin hanya ya sauke ya ɗauka, ya toshe layin da masu juyawa suke buƙata. Fasinja ya sauka ya tarar motar da yake nema tana can ƙetaren layuka shida. Inda jama'a suka taru kuma, mai talla zai zo. Daga baya an yi gadojin masu tafiya a ƙasa da wuraren tsayawa, amma abin da aka liƙa bayan an gama gini ba ya zama daidai da abin da aka tsara tun farko. Akan zargi direbobin trotro da rashin bin doka, wani lokaci kuma zargin gaskiya ne. Sai dai direban da ba a tanadar masa wurin tsayawa a inda fasinjansa yake son sauka ba, zai tsaya ne a inda ya samu.

Wannan sakaci ya ci rayuka. Bayan buɗe N1 a 2012, yankin Lapaz ya yi ƙaurin suna wajen kaɗe masu tsallaka titi, domin hanyar ta raba unguwa da kasuwa gida biyu, gadojin tsallakawa kuma suna nesa da inda mutane suka saba bi. A kan N4 abin ya fi muni. An faɗaɗa hanyar, motoci suka sami gudu, amma gadojin tsallakawa shida da ke tsakanin Madina da Adenta aka bar su ba a gama ba shekara da shekaru, ginshiƙai a tsaye ba matakala. Ranar 8 ga Nuwamban 2018 mota ta kaɗe wata ɗaliba ta makarantar sakandaren West Africa ta mutu. Mutanen Adenta suka fito suka tare hanya, suka ƙona tayoyi, aka yi arangama da 'yan sanda. Cikin 'yan kwanaki aka dawo da 'yan kwangila, a 2019 aka kammala gadojin. Aikin da aka iya gamawa cikin watanni bayan ran jama'a ya ɓaci, da an so da an gama shi tun kafin a buɗe wa motoci hanya. Tsarin da yake ɗaukar gadar mota a matsayin aiki, gadar mutum kuma a matsayin ƙari da za a yi in kuɗi ya ragu, shi ne ya jawo wannan asara.

Sai batun kuɗin gyara. Shekaru da dama akwai shingen karɓar harajin hanya a bakin hanyar Tema, ba nisa da mahaɗar, kuma layin biyan kuɗi yana cikin abubuwan da ke tara motoci. A watan Nuwamban 2021 gwamnati ta dakatar da karɓar harajin a faɗin ƙasar. Layin ya ragu, amma wata kafar samun kuɗin kula da hanya ta toshe, ma'aikatan shingayen kuma, waɗanda da yawansu masu buƙata ta musamman ne, suka rasa abin yi. Kankaren Nkrumah ya yi juriyar da ta cancanci yabo, sai dai ya haura shekara hamsin yana ɗaukar nauyin da ba a zana shi don shi ba. Ya tsattsage, an yi ta cike ramukansa da kwalta, fitilun gefensa sukan daɗe a mace. Rami ɗaya da zai sa tirela ta rage gudu ko ta lalace a kusa da mahaɗar ya isa ya tsayar da rabin gari.

A watan Agustan 2024 shugaban ƙasa na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya ƙaddamar da aikin sake gina hanyar Tema zuwa layi goma, tare da sake fasalin Tetteh Quarshie, a watan Nuwamba kuma ya buɗe gadar Flowerpot wadda ta haɗa Spintex da East Legon ta saman hanyar. Akwai tunani mai kyau a cikin wannan shiri. Layukan tsakiya na masu dogon zango ne, na gefe kuma na masu shiga unguwanni, wato an fara raba nau'o'in zirga-zirgar nan da suka daɗe suna cakuɗe. Gadar Flowerpot ma ta ɗauke wa mahaɗar wani kaso na masu gajeren zango. Na yarda da wannan hanya ta tunani, kuma ina fatan a kai ta ƙarshe, har a samar wa manyan motocin da ba su da hulɗa da Akra hanyar da za su zagaye birnin gaba ɗaya.

Amma ma'aunin da ya kamata a auna sabon aikin da shi shi ne yawan mutanen da zai wuce da su, ba yawan motoci ba. Layi ɗaya da aka keɓe wa manyan bas yana iya ɗaukar jama'ar da layuka da yawa na ƙananan motoci ba za su ɗauka ba. Darussalam ta Tanzaniya ta fara irin wannan a 2016, Dakar ta fara nata da bas masu lantarki a 2024, kuma dukkansu birane ne masu fama da ƙarancin kuɗi kamar Akra. Akwai ma tsohon layin dogo na Akra zuwa Tema da ya wuce ta kusa da wannan mahaɗa da filin jirgin, wanda da an inganta shi da ya rage wa hanyar nauyi. Akra ta taɓa gwadawa: a 2016 aka kawo bas ɗin Aayalolo a kan hanyar Amasaman, amma ba a ba su layinsu na kansu ba sai a 'yan wurare, suka shiga cunkoso ɗaya da kowa, fasinja bai ga abin da zai raba shi da trotro ba. Masu mulki a Kano da Yamai, inda gadojin sama suka yawaita a shekarun nan, suna da abin dubawa a nan.

Ƙungiyar direbobi ta GPRTU da masu trotro su ne suke ɗauke da birnin a yau, kuma duk tsarin da aka yi ba da su ba zai gamu da turjiya. A zauna da su a fitar da wurin tasha na gaskiya a jikin mahaɗar, mai rumfa da fitila, inda fasinja zai sauka daga motar Madina ya shiga ta Tema ba tare da ya taka babbar hanya ba. A gina mashigar masu tafiya a ƙasa a inda sawun mutane ya riga ya nuna, da gangaren da mai keken guragu da mai ɗauke da kaya a ka za su iya hawa, a kuma gama ta kafin a buɗe wa motoci. Layin bas kuma a ware shi tun a kan takarda, kafin a zuba kankare, domin da zarar an buɗe layi goma masu motoci sun saba da su, karɓe ɗaya daga hannunsu zai zama rigimar siyasa da ba kowace gwamnati ce za ta yarda ta shiga ba.